Jan Layi a Wuya

"Ya kawo?"

Daga bayan ɗaki muryar ta fito, inda dishin gidan Goggo Hadiza yake zaune a ƙasa an tokare shi da bulo. Bunsurun maƙwabta ne ya sosa ƙahonsa a jiki har ya karkatar da shi. Muhsina ta dubi talabijin, babu komai sai yayyafin fari da baƙi.

"Bai kawo ba," ta ce a hankali.

"Ban ji ba!"

Goggo Hadiza ta harare ta. "Ke, buɗe baki ki yi magana. Wanga yaro rana shika sha a waje."

Haka aikin gyaran dishi yake. Mai gyara yana waje yana juya ƙarfe, sai an sami wani a ciki yana kallon hoto yana ba shi amsa. Muhsina kuwa ba ta saba ɗaga murya ba, ko a aji sai malami ya matso yake jin ta. Amma la'asar ta gota, lokacin shirinta ya kusa wucewa. Da hoton ya fara motsi, sai ga wasu manyan idanu sun bayyana cikin yayyafin, ba ta san sanda ta miƙe tsaye ba.

"Ya kawo! Tsaya nan! Kar ka taɓa!"

Ta ji dariya daga waje. Can mai gyaran ya yi sallama ya leƙo daga bakin ƙofa, dogo, baƙi, sifana a hannu, gumi ya jiƙa masa wuyan riga. Bilyaminu sunansa, ɗan Zurmi, ya yi difloma a kwalejin kimiyya ta nan Ƙaura Namoda ya buɗe ɗan shago. Bai dube ta ba da farko, talabijin ya duba.

"Au, yarinyar tasha ce? Kakanta ya warke?"

Muhsina ta ja mayafi. "Kana kallo?"

"Kullum. Amma me ya sa kika kashe muryar?"

Ta kawar da kai, ta mayar da idonta kan talabijin.

Amsar kuwa mahaifinta ne. Malam Alhassan yana koyar da Larabci a Islamiyyar unguwa, ita kaɗai Allah ya bar masa bayan rasuwar mahaifiyarta, kuma a gidansa babu talabijin. Tun da aka ƙaddamar da Shari'a aka rufe gidajen kallo, masu hali suka koma kafa dishi a gida, abin da Malam yake kira shigo da kasuwa cikin ɗaka. Ya bar ta tana zuwa gidan ƙanwarsa Hadiza ne kawai saboda ya taɓa jin shirin nata, wani zane mai motsi, yana magana da Larabci tsantsa irin na littafi. Sharaɗi ɗaya ya kafa: ban da kiɗa. To shi wannan zane, ko iska ce ta kaɗa ciyawa sai an sa mata kiɗa. Muhsina ta gaji da danna rimot, ta kashe muryar gaba ɗaya, ta koyi gane labari daga fuska.

Labarin wata yarinya ce da ke zaune da kakanta a tashar jirgin ƙasa, can ƙarshen layi, a ƙasar da ƙanƙara ke rufe rufin ɗaki. Wanta ya tafi yaƙi. Kullum sai ta share dandamalin tashar ta tsaya tana duban hanya. Muhsina ta san irin wannan tasha, don ta Ƙaura ma ƙarshen layi ce, awaki ke kiwo tsakanin ƙarafunanta.

Bayan sati bunsurun ya sake zuwa. Sati na gaba kuma babu bunsuru, amma Bilyaminu ya zo duba ko ƙusa ta saki.

"Wagga ƙusa dai ta cika saki," in ji Goggo Hadiza, tana shimfiɗa masa tabarma a zaure.

A zauren nan ya gaya wa Muhsina cewa ba Larabawa suka zana ba, mutanen Japan ne, Larabawa murya kawai suka ɗora. Ta juya maganar a ranta.

"Shi ya sa suke cin shinkafa da tsinke," ta ce. "Amma ka lura suna cire takalmi a bakin ƙofa kamar mu? Kuma suna rusuna wa manya."

"Ni abin da ya kama ni, in mutum ya mutu a ciki ya mutu ke nan. Ba irin na Turawa ba, a murƙushe mutum da dutse ya tashi ya karkaɗe jiki."

"Ni kuma..." Ta tsaya, ta dubi yatsunta.

"Faɗi mana."

"In baƙin ciki ya yi yawa ba sa nuna fuska. Sai su nuna takalmi a bakin ƙofa. Ko kofin shayi yana hucewa babu mai sha. Ranar da karenta ya mutu ba su nuna tana kuka ba, kwanonsa kawai suka nuna. Ni na yi mata kukan."

Ya daɗe yana kallonta. "Ke da ba ki jin muryar kin fi ni gani, 'Yar Japan."

Sunan ya bi ta tun daga ranar. Ita kuma ta sa masa Injiniya.

Shekarar ce layin waya ya iso Ƙaura. Muhsina ba ta da waya, amma Goggo tana da ita, kuma Goggo ba ta iya karanta tes ba, sai ta miƙa mata ta ce, "Ga kukan tsuntsunki nan."

"'Yar Japan, yau an ɗauke wuta a shago ban gani ba. Jirgin ya zo?"

"Ya zo Injiniya, amma sojoji biyu kawai suka sauka, babu wanta. Ta ba su ruwan zafi. Ɗayan ba shi da hannu."

"Allah sarki. Ni dai in na tafi yaƙi zan dawo, ko da rarrafe."

"Kar ka ƙara faɗin haka, ko da wasa."

Da maganar sun yi alkawarin aure ta kai kunnen Malam Alhassan, bai ɗaga murya ba. Ba ya ɗaga murya. Ya ce yaron yana da ladabi, ya gan shi a masallaci, amma ba zai ba da ɗiyarsa ga wanda sana'arsa ita ce shigar da raye-raye gidajen Musulmi ba. Can Zurmi ma Inna Mero, mahaifiyar Bilyaminu, tana da tata. Ta riga ta ajiye masa Saude, ɗiyar wanta, kuma ba ta ga abin da za a yi da 'yar boko mai kallon 'yan aljanu a akwati ba. Goggo Hadiza ce kaɗai ke cewa a yi haƙuri, a bar ta da yayanta.

Akwai wani abu da Muhsina take yi wanda babu wanda ya sani sai Goggo: tana zane. A bayan tsofaffin takardun jarrabawa take kwaikwayon manyan idanun nan da gashin da ke tashi kamar an hura. Kuma duk abin da ta zana mai rai, in ta gama, sai ta ɗauki jan biro ta ja masa layi a wuya. Haka ta tashi ta gani. Malam yana cewa surar da aka raba kanta da gangar jiki ta daina zama sura, don haka tun tana aji ɗaya duk littafin da aka ba ta sai ya bi shi shafi shafi da jan bironsa na gyaran aikin ɗalibai. Yaro mai ƙwallo, akuya, ɗan sanda, duk da jan layi a wuya. Ita a wurinta kamar bismilla ne kafin cin abinci, hannunta ke yi ba sai ta tuna ba.

Da bazara ta kama, ta zana Bilyaminu. Ta yi masa manyan idanu da sifana a hannu, ta ja masa layinsa, ta miƙa masa a zaure.

Ya yi dariya har da riƙe ciki. "Idanuna ke nan? To wannan jan fa, yanka ni kika yi?"

Ta bayyana masa. Ya daina dariya, ya ninke takardar da kyau ya sa a aljihun gaba. "Nan za ta zauna," ya ce.

Zafin shekarar ya yi tsanani. Mutane suna kwana a cushe a ɗakuna marasa taga, aka fara jin sanƙarau ya ɓulla a ƙauyuka. Ranar kasuwar Shinkafi Bilyaminu ya tafi kafa wa wani ɗan kasuwa dishi. Da azahar ya turo tes.

"Kaina kamar zai tsage. Ki kallar mana na yau."

Ta kalla, ta rubuta masa duk abin da ya faru. Amsa ba ta zo ba. Washegari ma ba ta zo ba. Sai a rana ta uku labari ya iso cewa ya faɗi a gindin dishin, an kwashe shi zuwa asibiti, wuyansa ya sandare ya karkata baya, ba ya gane kowa.

A asibitin ne Inna Mero ta cire masa riga za ta wanke, takardar ta faɗo. Ta buɗe ta ga ɗanta da idanun da ba na mutane ba, an yanka masa wuya da ja. Ta ɗaga kai ta dubi wuyan da ke kan gado. Ihun da ta yi sai da ma'aikata suka rugo.

Kafin sati maganar ta riga ta zagaye Ƙaura. Saude ce ta gane mai zanen, ita ta faɗi suna. A bakin famfo mata suka riƙa janye bokitansu in Muhsina ta iso. A Islamiyya yarinyar da suke zama benci ɗaya tun suna ƙanana ta koma baya. Wata tsohuwa ta tofa mata addu'a a fuska a kan hanya. Muhsina ta daina fita, ta daina zuwa gidan Goggo, ta daina cin abincin kirki. Ba sunan mayya da aka sa mata ne ya fi cin ta ba. In ta rufe ido sai ta ga jan layin, sai wani abu a cikinta ya ce, in kuma gaskiya ne fa?

Da hantsi Inna Mero ta iso gidan, ko sallama ba ta yi ba. Gajeriyar mace ce, idanunta sun kumbura don rashin barci. Malam yana tsakar gida yana duba littattafan ɗalibai.

"Ina ɗiyar taka? Ta hito ta kwance abin da tac ƙulla! In ba haka ba wallahi daga nan wurin alƙali za ni. Ai yanzu akwai Shari'a, an san hukuncin mai sihiri!"

Ta jefa masa takardar a cinya. Malam ya buɗe. Muhsina tana bakin ƙofar ɗaki, ta ga yadda fuskarsa ta canza, don shi bai ma san tana zane ba, balle ta zana namiji ta ba shi.

"Ke kinka yi wanga?"

"Ni ce, Baba."

"Layin hwa?"

Ta dubi hannunsa. "Yadda kake yi min ne."

Malam ya dubi jan biron da ke hannunsa. Ya daɗe yana dubansa. Sannan ya tashi ya shiga ɗaki, ya fito da kaya a hannu ya zube gaban Inna Mero: littattafan firamare, kalandar bango, gwangwanin madara mai hoton saniya.

"Duba nan, baiwar Allah. Ni na koya mata. Duk sura a gidan ga haka take."

Inna Mero ta ɗauki gwangwanin, ta ga saniyar da jan layi a wuya, ta sake shi kamar ya ƙone ta.

"La'ilaha illallahu! Har shanu? Ashe duk gidan na haka kuke!"

Malam bai yi fushi ba. Ya koma ɗaki, wannan karon ya jima. Da ya fito hoto ɗaya ne a hannunsa, wanda Muhsina ba ta taɓa gani ba. An ɗauke shi ranar sunanta. Ga Malam da ƙuruciyarsa, ga mahaifiyarta tana riƙe da jaririya. Su ukun kowa da jan layi a wuya, har jaririyar.

"Ga wuyana," ya ce. "Ga na ɗiyata, ita kaɗai gare ni. In sihiri na, da kaina na fara."

Inna Mero ta ƙura wa hoton ido. Ta sa yatsa a kan matar. "Wagga hwa? Tana ina?"

Malam ya dubi inda yatsanta yake.

"Ta rasu," in ji Malam. "Wurin haihuwa, shekara huɗu bayan hoton. Allah ya karɓi abinsa, ba biro ba." Muryarsa ta karye a ƙarshen maganar, abin da Muhsina ba ta taɓa ji ba.

Inna Mero ba ta ba da haƙuri ba, ba ta kuma ce ta yarda ba. Ta tsuguna ta ɗauki takardar zanen ta ƙulle a bakin zane, ta fita. Amma ba ta je wurin alƙali ba.

Bilyaminu bai mutu ba. Ciwon ya sake shi bayan ya tafi da jinsa, kunne biyu duka. Aka mayar da shi Zurmi. Mahaifin Saude, da aka je masa da maganar aure, ya ce a bari tukuna a ga yadda jiki zai yi, kowa kuma ya gane abin da yake nufi.

Ranar da aka yi ruwan farko Goggo Hadiza ta zo da kanta, ta miƙa wa Muhsina waya ba tare da tsokanar da ta saba ba.

"Muhsina, na ji abin da aka yi miki saboda ni, ki yafe wa Inna. Ni ba na jin komai yanzu. Ko an ce ya kawo ba zan ji ba, aiki ya ƙare. Na sake ki daga alkawari. Ki auri mai jin muryarki."

Bai ce 'Yar Japan ba. Wannan ne ya sa ta kuka.

"Injiniya, ka ce za ka dawo ko da rarrafe. Ban sake ka ba."

Babu amsa. Ta sake turawa washegari, da jibi, har Goggo ta ce katin ya ƙare. Labarin da ke zuwa daga Zurmi shi ne ya rufe kansa a ɗaki ya juya wa ƙofa baya, abinci sai an yi da gaske.

Muhsina ta sami mahaifinta bayan sallar azahar ta durƙusa. Tun ranar da Inna Mero ta zo ba su yi wata doguwar magana ba, kuma ta lura ya koma gyara aikin ɗalibai da baƙin biro.

"Baba, ina so in je dubiya."

"Dubiya kaɗai?"

Ta sunkuyar da kai. "A'a."

"Kin san ba shi ƙara jin muryarki har abada? In kin haihu ba shi jin kukan ɗanai. In wuta ta kama ɗaki kina ihu, bai sani ba."

"Na sani."

"Kuma uwatai ta kira ki mayya gaban duniya."

"Ɗanta ta gani yana mutuwa, Baba."

Malam ya shafa gemunsa. "Sana'ar tasa har yanzu ba ta kwanta mani ba. Amma yaron da yana kwance ya aiko a yafe wa uwarsa, ba a rasa alheri gare shi. Ku tahi da Hadiza. In sun karɓe ki, su turo manya."

Suka sa wa wayar Goggo sabon kati, suka shiga motar mata zalla zuwa Zurmi. Gero ya fara tsiro a gonaki, hanya duk taɓo. Inna Mero ta amsa sallamarsu a daƙile, ta shimfiɗa tabarma, ba ta kawo ruwa ba. Daga inda suke zaune suna hango shi ta ƙofar ɗaki, ya rame har ƙasusuwan kafaɗarsa sun fito, fuskarsa na bango. Kwanon tuwo na gefensa an rufe da faifai.

"Tun jiya tuwon yake nan," in ji Inna Mero, ba tare da ta dubi kowa ba. Ta tashi ta je bakin ƙofar ta ƙwala, "Bilya! Ka yi baƙi!" Ko motsi bai yi ba. Ta dawo ta zauna, sai hawaye. "Haka nike yi kullum. Shi ba shi ji, ni ban iya rubutu ba. Ɗana na gabana kamar yana Makka."

Muhsina ta karɓi wayar Goggo ta rubuta, "Juyo." Wayarsa ta yi gurnani a kan tabarma kusa da hannunsa. Ya duba, ya juyo a firgice. Da ya gan ta ya rufe fuska da hannu, ya girgiza kai, ya yi mata alamar ta tafi.

Ta buɗe jakarta ta ciro farar takarda da fensir. Nan take Inna Mero ta miƙe zaune, idonta a kan hannun yarinyar. Goggo ta taɓa ta a gwiwa tana raɗa, "Ke, ba nan ba." Muhsina ta san abin da ke gabanta. In ta zana mutum ta ja layi, ta tabbatar wa matar nan tsoronta. In ta zana ba ta ja ba, ta saɓa wa mahaifinta ranar da ya yarda da ita.

Ba ta zana kowa ba. Ta zana bakin ƙofa da labule, da takalma a ajiye a gabanta: manyan silifa irin nasa masu ɗinki a maɗauri, kusa da su wasu ƙanana na mata, hancinsu duka yana duban ciki.

Ta miƙa wa Inna Mero tukuna. Matar ta juya takardar sama da ƙasa tana neman ja, ba ta samu ba.

"Ina mutanen?"

"Suna ciki, Inna."

Inna Mero ta daɗe da takardar a hannu. Sannan ta tashi da kanta ta kai masa. Bilyaminu ya duba. Kafaɗunsa suka fara rawa, wani sauti ya fito daga bakinsa wanda shi ba ya ji, rabi dariya rabi kuka. Ya lalubi wayarsa.

"'Yar Japan, ba zan iya ciyar da ke ba. Wa zai ce min ya kawo?"

"Ni. Kana waje, ina ciki wurin matan gida. In ya kawo in yi maka filashin, ka ji a aljihu. Gidajen da ba a bari maza su leƙa ma yanzu naka ne."

Ya karanta, ya sake karantawa, ya ɗago ya dube ta sosai a karo na farko.

Inna Mero tana tsaye tsakaninsu tana duban wannan ta dubi wancan. "Mi yac ce? Mi kinka ce mashi?" Muhsina ta gaya mata duka. Matar ta goge fuska da bakin zane, ta koma ta zauna, wannan karon kusa da ita har gwiwarsu na taɓa juna.

"Rubuta mashi," ta ce. "Ki ce in ji uwatai. In ya cinye tuwon ga, gobe in aiki kawunnai Ƙaura." Ta juyo ta dubi Muhsina. "Kuma ki ce mashi... a'a, wannan ke za ni ce ma. Na zalunce ki, ɗiyata."

Ta kwance bakin zanenta ta ciro tsohon zanen, ya yi laushi don ninki, ta sa mata a hannu. Sannan ta ƙwala wa maƙwabciya kira a kawo wa baƙi ruwa. A cikin ɗaki aka ji ƙarar faifai an buɗe kwano.

Bayan an girbe gero aka ɗaura auren a ƙofar gidan Malam Alhassan. Ba kowa ya zo ba, akwai waɗanda har yau in sun ga Muhsina sai su kama hannun 'ya'yansu. Ango yana zaune a sahun gaba yana bin leɓunan mutane da ido, bai san inda aka kai ba. Da aka shafa fatiha Malam ne ya miƙo hannu ya kama nasa ya matse, ya gyaɗa masa kai. A nan Bilyaminu ya san ya yi aure.

Da daddare ba a yi kiɗa ba, ba a kuma yi rashinsa ba. Goggo Hadiza ta ce wa yayanta, "To Malam, ka samu surukin da kake so, wanda ko an kaɗa ba shi ji." Malam ya ce ta ji tsoron Allah, amma an ga yana danne murmushi.

Kwana kaɗan da tarewa, da la'asar, Bilyaminu ya fita bayan ɗakinsu da sifana. Muhsina ta zauna gaban ƙaramar talabijin, sabuwar wayarta a hannu. A watannin da ta daina kallo shirin ya ƙare, babu wanda ya gaya mata ko wan yarinyar ya dawo. Yayyafin ya motsa, ya watse, sai ga tashar, ga ƙanƙara, ga yarinyar da tsintsiya tana ƙarama kamar ranar farko. Sun sake shi daga farko.

Ta danna lambarsa. Ta taga ta hango shi ya dafe aljihu, ya saki ƙarfen, ya ɗaga mata hannu. Ya zo ya cire silifansa kusa da nata a bakin ƙofa, ya zauna gefenta. Ya ɗauki rimot ya miƙa mata, ya nuna kunnenta, wato ta ƙara murya don kanta. Ta karɓa ta ajiye a bayanta.

Inna Mero, da ta zo kawo musu garin kunu, ta tsaya a bakin labule tana kallon su biyun suna kallon yarinya tana shara shiru.

"Allah shi ba ku zaman lafiya," ta ce, duk da ta san mutum ɗaya ne zai ji. "Allah shi tsare gaba, shi ba ku masu albarka."

Muhsina ta ce amin, ta rubuta masa a tafin hannu da yatsa. Shi ma ya ce amin, da ƙarfi fiye da yadda ake faɗa, har kajin tsakar gida suka watse.